Masu Sa Ido Kan Addini: Tarihin Ƙasar Gumel Daga Zamanin Barno Zuwa Rahoton Amurka

Ƙasar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tana da wani abu a tarihinta da ba kowace masarautar Arewa ke da shi ba. Sarakunanta ba su karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba. Kano da Haɗeja da Kazaure duk sun shiga daular Sakkwato, ita kuwa Gumel ta ci gaba da kai gaisuwa Barno. Ga shi dukkansu Musulmi ne, alƙibla ɗaya suke fuskanta, Malikiyya ɗaya suke bi. Wannan zama na kan iyaka ya sa mutanen Lautai, wato Gumel, suka daɗe da sanin tambayar da duniya ke ta ja-in-ja a kanta yanzu: wa ke da ikon duba addinin wani ya yanke masa hukunci? Idan kuma hukuma ta ce za ta tsare wa mutane ibadarsu, me take nema a bakin wannan tsaro?

Tsakanin Kukawa da Sakkwato

Wajen shekarar 1750 Ɗan Juma ya kafa sarautar tare da jama'arsa Mangawa, bayan rasuwarsa kuma ƙasar ta shiga ƙarƙashin Barno. Fadar tana Tumbi ne har zuwa 1845, lokacin da aka dawo da ita garin Gumel. Da jihadi ya tashi a 1804, wutarsa ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba. A 1808 mayaƙan jihadin suka shiga Birnin Gazargamu, har sai da Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi ya kawo wa Mai na Barno ɗauki.

Alkanemi bai tsaya ga takobi ba, ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta wa shugabannin Sakkwato yana neman hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi da zakka. Ya yarda akwai cin hanci a Barno, akwai zaluntar marayu, akwai al'adun da shari'a ba ta amince da su ba. Amma a wurinsa duk wannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga Musulunci, in ba haka ba babu ƙasar da za ta tsira. Muhammadu Bello ya mayar masa da cewa sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu, kuma ana yanka ga duwatsu da itatuwa a ƙasarsu. Abin yabo ga Bello shi ne ya adana wasiƙun abokin jayayyarsa a littafinsa Infaƙul Maisuri, shi ya sa har yau muke iya jin bakin kowane ɓangare.

Muhawarar ba ta ƙare a takarda ba. A ƙarshen 1826 zuwa farkon 1827 Alkanemi ya taso da runduna ya nufi Kano, Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi. Daga nan iyaka ta zauna, Gumel ta zama ƙofar Barno ta yamma. Talakanta ya ɗanɗana kuɗarsa: yaƙi da Haɗeja har zuwa rasuwar Mai Abdullahi a 1872, ga kuma hare-haren Damagaram daga arewa. Duk da haka fatauci bai tsaya ba. Baturen nan ɗan yawon bincike, Heinrich Barth, ya ratsa Gumel a 1851 ya iske ta babbar kasuwar kanwa, inda ayarin gabas ke haɗuwa da fataken Kano. Malamai na gardama kan waye Musulmin ƙwarai, fatake na auna kanwa da juna bisa amana.

Wanda ba Musulmi ba kuwa, matsayinsa a wancan zamani ya danganta da yarjejeniya. Maguzawan ƙasar Kano suna biyan jiziya, a bar su da al'adunsu da gonakinsu. Kariya ce ta gaske, amma ba daidaito ba ce. Waɗanda ba su shiga amana ba kuwa, harin bayi yana iya faɗa musu kowane rani.

Alkawarin Lugga da abin da ke bayansa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. A wajen naɗa sabon Sarkin Musulmi, Gwamna Lugga ya yi alkawarin da ya zama ginshiƙin mulkinsu a Arewa: gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, kowa zai bauta wa Allah yadda ya ga dama, za a kuma girmama masallatai. A wannan shekara Mai Gumel Ahmadu ya yi mubaya'a ba tare da yaƙi ba, aka sa ƙasarsa cikin Lardin Kano. Haɗeja ta ƙi, har aka yaƙe ta a watan Afrilun 1906, Sarki Muhammadu ya rasu a fagen fama.

Alkawarin ya haifi abu biyu. Na farko, an taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. Tun a 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami ayarin Bishop Tugwell, Turawan mulki kuma suka ga wannan tsari ya yi musu daidai, domin ba sa son abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakunan da ke tara musu haraji. Sai a shekarun 1930 aka sassauta, aka bar mishan ta buɗe asibitocin kutare da wuraren shan magani, bisa sharaɗin ba wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci.

Na biyu shi ne sa ido. Gwamnatin da ta ce ba ruwanta da addini ita ce ta fi kowa bin diddigin malamai. Bayan tawayen Satiru a 1906, wanda aka murƙushe da kisa mai yawa, tsoron Mahadiyanci bai bar zukatan Turawa ba. Aka ɗora wa sarakuna da hakimai da dagatai nauyin kai rahoton duk baƙon malamin da ya sauka yana tara jama'a. A 1923 aka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu aka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru. Aka tura jami'i mai suna Lethem ya bi hanyar alhazai har Sudan da Jidda don ya ga abin da mahajjata ke ji su kawo gida, a 1927 kuma shi da Tomlinson suka fitar da rahoto kan abin da suka kira farfagandar siyasar Musulunci a Najeriya. Ma'aunin Bature bai wuce guda ba: addinin da ba ya girgiza mulki a bar shi, wanda ake zargin zai girgiza a rufe masa baki.

A daidai wannan lokaci aka yanka ƙasar gida biyu. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka shata iyaka, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Tumbi, tsohuwar fadar sarakunan Gumel, ta faɗa hannun Faransa, Maigatari ta zama bakin iyaka. Can ma sa idon bai yi sauƙi ba: a 1906 Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa bisa zargin ƙulla musu makirci. Amma su ba su ɗaure kansu da alkawari irin na Lugga ba, don haka mishan ta SIM ta sauka Damagaram tun 1924, kusan shekara tara kafin ta sami wuri a Kano. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, kowane ɓangare da irin 'yancin da Baturensa ya ga damar ba shi.

A 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru, ya bi ta Gagarawa. Jirgin ya zo ɗaukar gyaɗa, ya kuma kawo akawu da ma'aikatan tasha da 'yan kasuwa daga Kudu, da yawansu Kiristoci. Tsarin mulkin mallaka ya zaunar da su a matsayin baƙi, a unguwarsu daban, kamar yadda aka yi a Sabon Garin Kano. Nan aka dasa tunanin da har yau yake wahalar da mu, cewa addinin mutum yana tafiya ne da asalinsa: Musulmi ɗan ƙasa, Kirista baƙo. Bahaushen da ya zama Kirista, kamar 'ya'yan Maguzawa da yawa, sai ya rasa gurbinsa a wannan lissafi.

Daga 'yancin kai zuwa Jihar Jigawa

Da mulkin kai ya ƙarato, ƙananan ƙabilu da Kiristocin Arewa suka bayyana fargabarsu. Hukumar Willink ta zagaya ƙasa a 1957 da 1958, ta ƙi ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi, ta ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Ta wannan hanya 'yancin addini ya shiga tsarin mulkin 1960. Gwamnatin Sardauna kuma, bayan shawarar wani kwamitin masana shari'a da ya haɗa da Babban Jojin Sudan, ta kawo kundin hukunta laifuffuka guda ɗaya ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Sai dai rubutu daban, aiki daban. An kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, Sardauna da kansa ya jagoranci rangadin musuluntarwa daga 1963, abin da Musulmi da yawa suka yi murna da shi, wasu kuma suka gan shi a matsayin hukuma ta ɗauki ɓangare. Tsakanin Musulmi ma ba a rasa takura ba. A Lardin Sakkwato an yi rikici da 'yan Tijjaniyya a 1949 da 1956, har ƙabalu da sadalu a salla suka zama abin da hukumar gargajiya ke sa baki a kai. Wannan ya isa ya nuna cewa maganar 'yancin addini ba ta Kirista kaɗai ba ce. Duk wanda fahimtarsa ta saɓa wa ta mai mulki yana bukatarta.

A 1967 Gumel ta shiga Jihar Kano, don haka abin da ya faru a birnin a watan Disambar 1980 a jiharta ya faru. Rikicin Maitatsine ya ci rayuka 4,177 bisa ƙidayar kwamitin Mai Shari'a Aniagolu. Bayansa hukumomi suka dawo da tsohon makami: izinin wa'azi, tantance malamai, da zargin almajiran da ke tsallako iyaka. A 1982 gwamnatin Shagari ta haramta ƙungiyar. Ba mai musun cewa hukuma na da haƙƙin hana zubar da jini. Matsalar ita ce dokar da aka yi don mai tayar da fitina takan ƙare a wuyan malamin da laifinsa kawai sukar gwamna.

A 1986 gwamnatin Babangida ta shigar da Najeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ba tare da shawara a fili ba, ƙura ta tashi, aka kafa majalisar ba da shawara kan harkokin addini a shekarar da ta biyo. A 1999 aka kafa majalisar NIREC, wadda Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN ke jagoranta tare. Gwamnati kuma ta ci gaba da hidimar masu ibada a ƙetare, ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 2006, ta masu ziyarar Kirista a 2007.

Jigawa, wadda Gumel ke cikinta yanzu, ta samu ranar 27 ga Agustan 1991. Tsarin mulkin 1999 da take aiki da shi ya hana kowace gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, a sashe na 10. Sashe na 38 ya ba kowa damar riƙe addininsa, da sauya shi, da yaɗa shi, ya kuma hana tilasta wa yaro darasin addinin da ba nasa ba a makaranta. A watan Agustan 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, bayan Zamfara da Kano. Talakawa sun tarbe ta da begen adalci da ƙarshen cin hanci, gwamnati kuma ta ce Musulmi kaɗai ta shafa. Ga Musulmin da ya nema, wannan ma wani ɓangare ne na 'yancin addininsa. Jarrabawar ita ce yadda za a yi da maƙwabcinsa. A watan Satumbar 2006 an ƙona majami'u a Dutse bayan zargin ɓatanci. A watan Janairun 2017 hukuma ta rushe wasu majami'u biyu a Dutsen, ta ce ba su da izinin gini, Kiristoci kuma suka koka cewa samun izinin ne ke gagara.

Wanda bai ga abin damuwa a nan ba, ya dubi wani gefen. Sashe na 38 ɗin nan shi ne 'yan mata Musulmi suka dogara da shi a Legas, har Kotun Ƙoli ta tabbatar musu da damar sa hijabi a makarantun gwamnati a watan Yunin 2022. Dokar da ta tsare hijabi a Legas ita ce ke tsare majami'a a Gumel, ba yadda za a riƙe rabinta a saki rabi.

A tsallaken Maigatari ma labarin bai canza ba. Shugaba Seyni Kountché ya kafa ƙungiyar Musulunci ta Nijar a 1974 don harkar addini ta bi ta ƙofa ɗaya da gwamnati ke iya gani. A watan Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda fushin zanen ɓatancin wata mujallar Faransa, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka biya bashin. A watan Yunin 2019, lokacin da majalisar Nijar ke shirin yin dokar tsara harkar ibada, aka kama wani limami a Maraɗi da ya soke ta, masu zanga-zanga suka ƙona wata majami'a.

Idon da ke kallo daga ƙetare

Tun 1948 sashe na 18 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ambaci 'yancin addini, yarjejeniyar Afirka ta 1981 ta maimaita shi a sashe na 8. A 2005 wakiliyar Majalisar ta musamman kan wannan batu, Asma Jahangir 'yar Pakistan, ta ziyarci Najeriya. Amma ƙasar da ta mayar da sa idon aikin ofis na kowace shekara ita ce Amurka. A watan Oktoban 1998 Shugaba Clinton ya sa hannu kan dokar 'yancin addini a duniya. Dokar ta kafa ofis a ma'aikatar harkokin waje da jakada na musamman, ta wajabta rahoto kan kowace ƙasa duk shekara, ta kuma kafa hukumar USCIRF mai ba da shawara. Ƙasar da aka ga tana aikata mummunan take haƙƙi, ko tana kau da kai ana yi, sai a sa ta cikin jerin waɗanda ake da damuwa ta musamman a kansu, abin da ke iya jawo takunkumi.

Tun 2009 hukumar ke ba da shawarar a sa Najeriya. An sa ta a watan Disambar 2020, aka cire ta a watan Nuwambar 2021 ana jajibirin ziyarar sakataren harkokin waje Blinken zuwa Abuja, Shugaba Trump ya mayar da ita a ƙarshen Oktoban 2025. Saudiyya kuwa tana cikin jerin tun 2004, amma an ɗage mata takunkumi saboda maslahar Amurka. Duk mai bin wannan shiga da fita zai ga siyasar Washinton na da hannu a ciki, kamar yadda maslahar Landan ke cikin alkawarin 1903.

Wannan bai sa rahotannin sun zama banza ba. Sun rubuta abubuwan da hukumominmu suka so a manta. Sun ambaci ƙona majami'u, sun ambaci harin Boko Haram a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwambar 2014, sun ambaci kashe 'yan Shi'a a Zariya a watan Disambar 2015, inda kwamitin binciken Jihar Kaduna da kansa ya tabbatar an binne mutum 347 a rami ɗaya. A 2019 Amurka ta karrama Liman Abubakar Abdullahi na ƙasar Barikin Ladi a Filato, wanda ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa a 2018. Sai dai mai kallo daga nesa yakan ga addini a inda gona ce da burtali. A Guri da Kirikasamma, nan Jigawa, manomi da makiyayi sukan yi rikici har a rasa rai, alhali sahu ɗaya suke bi ranar Juma'a. Jerin sunayen ƙasashe ba shi da gurbin irin wannan gawa.

Inda ake auna gaskiyar magana

Wanda ke son ganin yadda mutane ke zama da bambancinsu, ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Buzu ya koro raƙuma daga arewa, Bafulatani ya tsaya kan shanunsa, dillali na kai da komo yana riƙe da hannun mai saye a ƙarƙashin riga ana ciniki. Ɗan kasuwar da zai loda tirela zuwa Kudu, wataƙila da sarƙar gicciye a wuyansa, yana ƙirga kuɗi yana ware la'ada. An kira azahar, dillali ya ce masa ya jira shi, ya bar shi da dabbobin da ba a gama biya ba. Babu jakadan da ya shirya wannan, babu dokar da ta tilasta shi. Amana ce da aka gina mako bayan mako, irin wadda fataken kanwa suka sani.

Amma amanar kasuwa ba ta isa ba, domin ranar da aka busa jita-jita ba ta da ɗan sanda, ba ta da alƙali. Nan aikin hukuma yake, kuma ba a Abuja ko Washinton ake fara shi ba. Ana fara shi ne a teburin jami'in filaye na ƙaramar hukuma, inda takardar neman izinin gina masallaci da ta majami'a ya kamata su bi ƙa'ida ɗaya a rubuce, da wa'adin amsa, da dalili in an hana. Yana ofishin da ke ba da takardar shaidar ɗan ƙasa, inda bai kamata sunan Bulus ko Maryamu ya sa a mayar da ɗan gari baƙo ba. Yana maƙabarta, yana ajin firamare, yana gaban alƙalin da aka kawo wa waɗanda suka ɗauki doka a hannunsu. Yana kuma ga malamin da fahimtarsa ba ta yi wa masu mulki daɗi ba, muddin bai kira a zubar da jini ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masarauta na da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida. Ƙasa na da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam tun 1995. Abin da ya rage shi ne wannan ido na gida, wanda aka horar tun zamanin Turawa don tsare kujerar mai mulki, a juya shi ya koma tsare mai ibada: a riƙa rubuta kowane ƙorafi, a bayyana shi ga jama'a, a faɗi abin da aka yi a kai. Ƙasar da ke bincikar kanta da gaskiya ba ta fargabar rahoton kowa. Musulmin Gumel da ya tsaya wa haƙƙin maƙwabcinsa Kirista, ko na ɗan'uwansa mai wata fahimta, haƙƙin kansa yake tsarewa, domin ɗansa na iya wayar gari a Inugu ko Fatakwal yana neman filin masallaci a gaban wani jami'in.